Teku ne ke tashi, ko ƙasa ce ke yin ƙasa?

Kawuna ya fi shekara talatin yana kai albasa Legas. Daga fadamun Kware da Wamakko ake loda masa mota, shi kuma ya bi ta a baya ya tare ta a kasuwar Mile 12. Da ya dawo gida bayan daminar bara, muna zaune a ƙofar gida da la'asar sakaliya, sai ya ɗauko labarin unguwar da yake sauka a can. Wai layin da a da ruwa ke wucewa cikin awa guda, yanzu sai ya kwana biyu bai janye ba, har masu gidaje sun ɗaga dokin ƙofa da bulo. Ya ce teku ne ke tasowa. Na ce, "Kawu, ko kuma ƙasar ce ke nutsewa." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Mi kac ce? Ruwa na nig gani da idona, kai kana ce mani ƙasa."

Da gaskiyarsa. In ruwa ya hau da taki ɗaya, ko ƙasa ta sauka da taki ɗaya, abin da ido zai gani guda ne: ruwa ya kai inda bai saba kaiwa ba. A ajiye zancen toshewar magudana, wadda ita ma tana da nata kason a ambaliyar birni. Masana da na'urorinsu sun daɗe ƙwarai cikin wannan ruɗu na Kawu, kuma ba su sami mafita mai gamsarwa ba sai cikin shekaru talatin ɗin nan, da taurarin ɗan'adam suka shigo aikin.

A ɗauka an kafa sanda mai zane-zane a bakin Kogin Rima wajen Kwalkwalawa, kowace safiya wani yana duba inda ruwa ya tsaya yana rubutawa. Bayan shekara goma littafin ya nuna ruwa yana ƙaruwa da yatsa guda duk shekara. Amma a lakar fadama aka kafa sandar, laka kuwa tana cin sanda a hankali. Littafin bai yi ƙarya ba, tazarar da ke tsakanin ruwa da sanda ya faɗa. Wane ne ya motsa a cikinsu, wannan ba ya cikin littafin. Haka ma'aunin teku yake a tashoshin jiragen ruwa na duniya. A da wata 'yar rijiya ce da abu mai yawo a kan ruwa yana jan alƙalami a kan takarda, yau kuma na'urar radar ce mai leƙen ruwa daga sama. Ko wanne ne dai, a jikin gini aka ɗaure shi, ginin kuma a kan ƙasa yake zaune. Tun 1933 akwai cibiya a Liverpool ta Ingila mai tara alƙaluman irin waɗannan ma'aunai daga ko'ina, kuma duk wanda ya jera su zai ga sun saɓa wa juna: wani gari ruwa na hawa a guje, wani a hankali, wani ma sauka yake yi.

Mutumin da muke ambaton sunansa duk sanda aka ce zafin Sakkwato ya haura digiri 40 a watan Afrilu, wato Anders Celsius, yana cikin na farko da abin ya yaudara. A 1731 ya sa aka sassaƙa alama a jikin wani dutse a gaɓar Suwidin, domin tsofaffin masunta sun daɗe suna cewa duwatsun da suka sani a cikin ruwa sun fito fili. Ya yi lissafi ya sami kusan santimita ɗaya a shekara, kuma lissafinsa bai yi nisa da gaskiya ba. Fassarar ce ta kuɓuce masa: ya ɗauka ruwan teku ne ke raguwa. Ashe ƙasar ce ke tashi. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ta danne wannan yanki har ya lotsa. Ƙanƙarar ta narke tun tuni, amma ƙasar har yau tana dawowa, kamar katifar soso da mai nauyi ya tashi daga kanta. A arewacin gaɓar Suwidin da Finland tana tashi da kusan milimita 9 duk shekara.

Can kuma a ɗaya gefen akwai garuruwan da suke janye ƙasa daga ƙarƙashin ƙafarsu da hannunsu. Gabashin Tokiyo ya nutse da fiye da mita huɗu a wasu wurare cikin ƙarni na 20, saboda masana'antu sun yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yumɓun da ke can ƙasa ruwa ne ke riƙe da shi a buɗe. In aka janye ruwan sai ya matse, in kuwa ya matse ba ya komawa yadda yake. A arewacin Jakarta an auna wuraren da suka sauka da santimita 10 zuwa 25 a shekara guda, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsibirin Borneo.

Yanzu a ɗora waɗannan a kan ainihin tashin teku. Rahoton 2021 na kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce matsakaicin tsayin tekunan duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma daga 2006 zuwa 2018 saurin ya kai milimita 3.7 a shekara. Kaurin ƙwayar dawa ɗaya ke nan duk shekara. Abin da ake nema bai wuce ƙwayar dawa ba, alhali sandar awon tana iya motsi da ninkin wannan sau biyu, ko sau hamsin. Sai an sami wani abin dogaro da ba ya zaune a kan ƙasa, ba ya kuma yawo a kan ruwa.

Abin dogaron da aka samu shi ne tsakiyar duniya, inda nauyinta ya haɗu. Ba wanda ya taɓa zuwa can, amma duk tauraron ɗan'adam wannan cibiya yake kewayawa, don haka in ka san tazararka da taurarin, ka san tazararka da ita. Taurarin GPS na Amurka, su wajen talatin, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200. Rasha da Tarayyar Turai da Sin kowa yana da nasa jerin, kuma na'urorin zamani duka suke saurara. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar lokaci da inda yake. Na'urar da ke ƙasa tana duba jinkirin da saƙon ya yi kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, ke nan kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ya zama kuskuren santimita 30.

Wayar da ke aljihunka haka take yi, ta kuma gaya maka inda kake da kuskuren 'yan mitoci. Wannan ya ishi mai neman hanyar Tambuwal, bai ishi mai neman ƙwayar dawa ba. Na'urar masana ba ta tsaya ga karanta saƙon ba, igiyar rediyon da ta ɗauko saƙon take ƙirgawa. Tsawon kowace gaɓa ta igiyar kusan santimita 19 ne, kuma ana iya auna ta har zuwa milimita biyu ko uku. Ana kafa eriyar a kan ginshiƙin da aka dasa cikin dutse ko gini mai tushe, a bar ta a nan dare da rana tana rubutu duk bayan daƙiƙa 30. A ƙarshen kowace rana a tace dubban awon nan a fitar da amsa ɗaya: yau eriyar tana nan.

Sai dai tsayi ya fi komai wuyar samu. In ana neman matsayinka ta gabas da yamma, akwai taurari a kowane ɓangare, kuskuren wannan yana goge na wancan. A zancen tsayi kuwa shaidun ɓangare ɗaya ne kawai, duk suna sama, na ƙarƙashi duniya ta kare su. Shi ya sa kuskuren tsayi yakan ninka na gefe sau biyu ko uku. Ga kuma iska. Saƙon yana rage sauri in ya shigo cikinta, har ya zama kamar an ƙara masa tafiyar sama da mita biyu. Kason busasshiyar iska yana da sauƙin lissafi. Tururin ruwa ne mai taurin kai, don abin da ke sararin Sakkwato a watan Agusta ba shi ne na lokacin hunturu ba, na safe ma ba shi ne na yamma ba. Can sama kuma akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki wanda rana ke tayarwa, kuma yankinmu na kusa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, yana cikin inda ya fi rikici bayan faɗuwar rana. Maganinsa shi ne taurarin suna magana da murya biyu, wato igiyoyin rediyo iri biyu daban-daban, kowace da irin jinkirinta, sai a kwatanta su a cire.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta wannan fanni shi ne ƙasar da muke kira tabbatacciya ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Jan wata da rana da ke sa teku cika da janyewa yana jan dutse ma. Sau biyu a rana Sakkwato tana hawa tana sauka da abin da ya kai kusan santimita 30, Hubbare da Babbar Kasuwa da ɗakin da kake kwana duka tare, shi ya sa ba mai ji. Wannan ana iya lissafa shi daidai a cire. Damina ma tana da nauyi. Tashoshin da masu bincike suka kafa a Yamai da wasu garuruwan Afirka ta Yamma sun nuna ƙasa tana lotsawa da kimanin santimita ɗaya in ruwan damina ya taru a cikinta, ta dawo da rani. A Manaus ta Birazil, tsakiyar Kogin Amazon, hawa da saukar shekara yana kaiwa santimita biyar zuwa bakwai. Nahiyar Afirka kanta tana rarrafe wajen arewa maso gabas da kimanin santimita biyu a shekara.

Saboda haka wanda ya kafa eriya da rani ya kwashe ta da kaka zai dawo da labarin nutsewar da babu ita, nauyin damina ya auna. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce ƙasa da shekara biyu da rabi ba a ma fara magana. Mai son kuskurensa ya gaza milimita ɗaya a shekara kuwa sai ya jira shekara biyar ko fiye, goma ta fi. Nan ne aikin ya koma na haƙuri da kula: batir ya mutu, farantin sola ya yi ƙura ko ya yi ƙafa, layin intanet ya yanke, wata shida sun tafi a banza.

In an sami wannan, sauran lissafin ɗan firamare ne. A ce ma'aunin teku ya nuna ruwa yana hawa da milimita 8 a shekara, eriyar da ke kusa da shi kuma ta nuna ƙasa tana sauka da 5, to tekun kansa 3 ya tashi. A Stockholm, inda ake rubuta tsayin ruwa tun 1774, ma'auni yana nuna ruwa yana sauka da kusan milimita 4 a shekara, GPS kuma yana nuna gari yana tashi da 5 da 'yan kai. Ashe a can ma teku tashi yake yi, ƙasar ce dai ta fi shi sauri. A Grand Isle ta jihar Louisiana a Amurka ma'auni yana ba da kusan milimita 9, kuma fiye da rabin wannan nutsewar ƙasa ce. Da aka yi wa ma'aunai masu yawa irin wannan gyara, sai alƙaluman da a da suke kamar ba na duniya ɗaya ba suka matso kusa da juna. Wannan matsowar ita ce babbar hujjar cewa hanyar tana aiki.

Amma kada a ɗauka an gama. Sau da yawa eriyar ba a kan ginin ma'aunin take ba, tana can nesa da kilomita biyu ko biyar, a kan rufin wani ofishi da ke kan tudu, alhali ma'aunin yana kan gadar jiragen da aka gina a kan cikon yashi. Ofishin yana nan daram, gadar tana sauka, eriyar kuma labarin ofishin take bayarwa. Dole ma'aikatan safiyo su riƙa auna bambancin tsayin wuraren biyu a kai a kai, aikin da ba shi da armashi, shi ya sa shi ake fara mantawa da shi. Canza eriya kaɗai, ko bishiya ta girma kusa da ita, yana iya jefa tsallen 'yan milimitoci a cikin alƙaluma, mai nazari ya ɗauka ƙasa ce ta motsa. Wani lokaci kuma da gaske ta motsa ɗin: girgizar ƙasar Japan ta 11 ga Maris 2011 ta saukar da gaɓar Oshika da mita 1.2 cikin mintoci, ta ja ta wajen gabas da fiye da mita biyar.

Matsalar da ta fi zurfi a ganina ta zamani ce. Ma'aunin teku yana iya kaiwa shekara ɗari, eriya kuwa da ƙyar ta wuce talatin. Mai ɗaukar saurin yau ya shafa wa shekarun baya ya ɗauka ke nan ƙasar ba ta taɓa canza taki ba. A Suwidin wannan zato ne mai kyau, domin dawowar da ta ɗauki dubban shekaru ba ta sauya hali a ƙarni guda. A Tokiyo kuwa ɓata ne. Tun da aka taƙaita zuƙar ruwa da doka a shekarun 1960 da 1970 nutsewar ta kusan tsayawa, don haka eriyar yau za ta ce lafiya lau, ba ta da labarin mita huɗun da suka riga ta.

Ita kanta cibiyar duniyar sai an nemo ta. Ana yin haka da wasu taurari na musamman, irin LAGEOS da aka harba a 1976: ƙwallon ƙarfe ne mai faɗin santimita 60, ba inji ba batir, an manna masa madubai 426. Tashoshi a ƙasa suna harba masa hasken leza su auna lokacin dawowarsa. Daga wannan da wasu hanyoyin awo uku ake haɗa tushen awon da duniya duka ke dogara da shi, wanda ake sabuntawa bayan 'yan shekaru, kuma a Faransa ake haɗa shi. In wannan tushe ya karkace da rabin milimita a shekara, kowace eriya ta gaji karkatar. Irin waɗannan tashoshi sun yi ƙaranci a Afirka, fitacciyarsu tana Hartebeesthoek a Afirka ta Kudu.

Wani zai ce me ya hana a auna teku daga sama kai tsaye a huta. Ana yi. Tun 1992 da Amurka da Faransa suka harba TOPEX/Poseidon, akwai tauraro a nisan kilomita 1,336 yana jefa radar a kan teku yana sake bin sawunsa duk kwana goma, magadansa kuma sun ci gaba har zuwa Sentinel-6 na 2020. Sun nuna ƙarin kimanin santimita 10 daga 1993. Sai dai tarihinsu gajere ne, idonsu yana raunana dab da gaɓa inda mutane suke zaune, kuma na'urarsu tana iya zamewa a hankali ba a sani ba. Da ma'aunan bakin teku aka gano irin wannan zamewa a shekarun farko na TOPEX. Tauraro yana bukatar ma'auni ya duba shi, ma'auni yana bukatar eriya, in kuma babu eriya sai a cire awon ma'auni daga na tauraro a sami motsin ƙasa. Akwai kuma taurarin radar irin Sentinel-1, tun 2014, masu kwatanta hotunan gari su nuna unguwar da ta sauka fiye da maƙwabciyarta. Nazarin da aka yi wa Legas da su ya nuna nutsewar ba ɗaya ba ce daga unguwa zuwa unguwa. Amma hoton bambanci kawai yake nunawa, sai an ɗaure shi a jikin wata eriyar GPS kafin a san wa ya tsaya wa ya motsa.

Najeriya tana da gaɓar teku ta kusan kilomita 850, yawancinta laka da yashin da koguna suka tara, ga haƙar mai da gas a yankin Neja Delta, ga cike fadamu ana gini a Legas. Ƙasa ce irin wadda ke nutsewa ko ba a taɓa ta ba, balle an taɓa. Tun 2008 ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin GPS na dindindin, akwai a Legas da Fatakwal da Kalaba, akwai a Zariya da Toro ta Bauchi, akwai ma nan kusa da mu a Birnin Kebbi. Don aikin safiyo da taswira aka fi kafa su. Na arewa ba 'yan rakiya ba ne a wannan magana: tashar da ke zaune a kan tsohon dutse irin na Toro ita ce ake jingina da ita a ga ko ta bakin teku tana sauka. Abin da zan so in gani shi ne eriya da ma'aunin teku a kan gini ɗaya, a wurare da dama daga Badagry zuwa Kalaba, da kasafin da zai riƙe su shekara ashirin ba yankewa. Kuɗin na'urorin ba shi ne babban abu ba.

Ga wanda ruwa ya shiga ɗakinsa, raba biyun ba ya rage masa ko cokali. Amfanin rabawar yana wajen magani. Kason da ya fito daga ɗumamar duniya, wato narkewar ƙanƙara da kumburar ruwa in ya ɗau zafi, ba gwamnan da zai tsayar da shi, sai dai a ɗaga gini a yi katanga. Kason da ya fito daga rijiyoyin burtsatse kuwa ruwan famfo da doka suna iya tsayar da shi cikin shekaru kaɗan, Tokiyo ta gwada. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda ake jibga wa sauyin yanayi kowace ambaliya, don yana ba masu alhakin kusa mafaka. Haka kuma masu musun ɗumamar duniya sukan ɗauko alƙaluman Stockholm su ce ga teku yana sauka. Duka biyun littafin sanda suka karanta ba su tambayi laka ba.

Mu ma nan muna da igiya a wannan rijiya. In aka ce Sakkwato tana kimanin mita 300 sama da teku, sifilin da aka fara ƙirga daga kansa matsakaicin tsayin ruwa ne da aka auna a Legas tun zamanin Turawa, ma'aikatan safiyo suka yi ta ɗauko shi zango-zango har arewa. A kan irin wannan tsayi ake tsara hanyoyi da gadoji da magudanan noman rani.

Na tambayi Kawu ko akwai ruwan famfo a layin nasu na Legas. Ya ce rabonsu da shi an daɗe. Na ce to rijiyar burtsatse nawa ce a layin? Ya fara ƙirga da yatsu, sai ya bari ya ce, "Kowane gida da tashi." Na gaya masa wannan dalilin zargi ne kawai, hukunci sai an kafa eriya ta shekara biyar tana saurare. Ya ce, "Shekara biyar? Allah shi kai mu," ya jawo butarsa.